Rasuwar Manyan Tayoyin Ƙaramar Motata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni tela mai shago a kwanar layinmu, a madadin kaina da ƙaramar motata, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar manyan tayoyina guda huɗu tare da rim ɗinsu na ƙarfe masu ƙyalli, 'yan inci goma sha takwas, waɗanda aka fi sani da 'Yan Huɗu. Sun cika ranar Laraba da hantsi a rumfar mai faci, ɗaya bayan ɗaya, mota tana kan jak, ni kuma ina tsaye a kansu riƙe da hulata. Sun bar duniya bayan shekara biyu da wata uku suna ɗauke da ni.

Marigayan ba da su aka haifi motar ba. Ta zo ne da wasu 'yan tayoyi na inci goma sha huɗu, baƙaƙe, marasa kwarjini, irin waɗanda ko kare ba ya tsayawa ya shinshina. Ranar da na kawo manyan don a ɗaura, mai faci ya zagaya motar sau biyu, ya ce wannan daidai yake da a sa wa jaririya takalmin babanta. Na ce masa hassada ce ke cinsa. Ya ɗauko sifana ya ɗaure notinan.

Duk wanda ya zauna da su zai shaide su da kyau. In rana ta haska su, sai mai tafiya a ƙasa ya kare ido da hannu, kuma ba sau ɗaya ba na kama maƙwabcina mai aski yana duba haƙoransa a jikin ta gaba. Kullum da asuba nakan wanke su da buroshin goge baki, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, har matata ta ce tun da aka kawo ta gidan ban taɓa yi mata irin kallon da nake yi musu ba. Masu gaskiya ne ƙwarai. Robarsu siririya ce, don haka ba su taɓa ɓoye wa kowa komai na titi ba. Ko tsakuwa suka taka sai sun sanar da ƙashin bayanka. Sun koya mini ladabi, domin duk tudun da aka yi a titi don rage gudu a karkace nake hawansa, a hankali, masu hon suna ta zagina a baya. Sun koya mini haƙuri, domin sitiyari ba ya juyuwa har ƙarshe, juyawar da kowa ke yi sau ɗaya ni sai na yi gaba da baya sau biyar. Ga kyauta. Babu gidan man da ke unguwarmu da bai ci arzikinsu ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma dole in ambaci muryarsu, don ita ce za a fi tunawa. Da yake sun cika gurbinsu taf, da zarar nauyi ya sauka a kujerar baya sai su gogi madigadi, ƙarfen da ke samansu. In siririn mutum ne, shiru. In matsakaici ne, sai a ji ƙir-ƙir a bakin rami. In kuwa mai jiki ne, tun daga tashi har sauka sai su ɗauki ƙiiiiiiir, ba numfashi. A nan sana'ata ta yi mini rana, domin awon rabin mutanen layinmu yana cikin kaina. Duk wanda ƙugunsa ya haura inci talatin da takwas, in ya tsayar da ni, sai in ce ba can na nufa ba. Malamin makarantar da ke bayanmu kuwa, da yake shi kamar tsinke yake, ya sha lifti har ya gaji.

Mutum ɗaya ce ban iya ce wa ba can na nufa ba, wato Inna, mahaifiyata. Inna mace ce da Allah ya yi wa cika, ga ciwon gwiwa da ba ya barinta ta naɗe a kujerar gaba. Ranar bikin 'yar ƙanwarta na ɗauko ta, ta sha ado, ta zauna a baya. Tun daga bakin layin gidan bikin marigayan suka buɗe murya, ba su rufe ba sai a ƙofar gida, inda mata suka yi cincirindo. Wata ƙawarta ta tambaya da ƙarfi ko akuya muka ɗauro a but. Aka kwashe da dariya. Inna ta sauko, ta gyara mayafinta, ta shige ba ta kalli kowa ba. Da aka tashi ta bi motar haya. Washegari na je gaishe ta, sai ta ce, “Motarka ta gama faɗa wa duniya nauyina. Ba ni ba ita.”

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Aka yi wata, aka yi shekara, aka yi shekara da rabi. Kasuwa a motar haya, asibiti a motar haya, ɗanta kuwa yana nan yana wanke ƙarfe da buroshi. Matata ta yi magana, ƙanena ya yi magana, ni kuma kullum amsata ita ce Inna za ta huce.

Game da ciwon ajali, duk wanda ya tambaye ni a kwanakin nan na ce masa rami suka faɗa, rim ya tsage. Tunda yau ranar gaskiya ce, bari in janye wannan magana. Lafiyarsu ƙalau. Ko iska ba su taɓa ragewa ba. Ni ne na kai su da hannuna.

Ranar Litinin ina dawowa daga sayen zare, ana ruwa, sai na hangi wata dattijuwa a bakin asibitin ido, an rufe mata ido ɗaya da auduga, tana riƙe da ledar magani, tana ɗaga wa motocin haya hannu suna wucewa cike. Har na ce a raina waɗanne irin 'ya'ya wannan baiwar Allah ta haifa. Da na matso sai na ga Inna ce. Ashe da safiyar nan aka yi mata aiki, kuma ta hana kowa ya gaya mini, don ta san zan zo da mota. Na tsaya, na buɗe mata ƙofa. Da idon nan guda ɗaya ta dubi tayoyin, ba ta dube ni ba.

“Wuce abinka, ɗan nan,” in ji ta. “Mutane sun yi yawa a nan.”

Na kashe motar na fito, muka tsaya tare a cikin ruwa har aka samu mai gurbi. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar mutane ba ce, kunyar kaina ce. Talata na wuni a shago ina ɗinke hannun riga a inda wuya ya kamata ya zauna. Laraba na kama hanyar rumfar mai faci.

Ina yi masa godiya a bainar jama'a, domin bai ce ai na gaya maka ba. Fito kawai ya dinga yi yana kwance notinan, fiton da ya fi zagi ciwo. Ya tambaye ni ko in sauko zuwa sha shida, a rage asarar kwalliya. Na ce ni ba kwalliya na zo nema ba, ya ba ni waɗanda ba sa magana. Ya mirgino sha huɗu masu kaurin roba. Da aka ɗaura, muka cusa maƙwabtansa, mai walda da mai sayar da siminti, a baya, mutum biyu da ni na san yadin da kowannensu ke ci, muka bi titin da ya fi kowanne ramuka. Ba a ji komai ba sai minsharin mai walda.

Marigayan sun rasu sun bar mota ɗaya, wadda yanzu ta yi ƙasa kamar an zare mata takalmi mai tsini. Da safaya guda a but, 'yar sha huɗu, da na ɓoye shekara biyu don kada a san asalinmu, yau ga shi danginta sun gaji gidan. Da buroshi ɗaya da ya rasa aikin yi. Sun kuma bar samarin layinmu cikin jimami, waɗanda tun Laraba ba wanda ya ƙara ɗaga mini hannu.

Ranar Alhamis na je gidan Inna. Ta fito da audugarta, ta zagaya motar, ta taɓa taya da takalminta. Sannan ta buɗe baya ta saki jikinta gaba ɗaya, da gayya, ta karkata kunne. Muka fita layi, muka hau tudu, muka faɗa rami. Shiru. Can sai ta ce, “Ashe ana iya yi mata tarbiyya.” Na sake zagaya layin da ita.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a bayan rumfar mai faci, inda za a jera su a ƙarƙashin tsofaffin tayoyin manyan motoci. Ba za a yi musu wanka ba, sun sha isasshe a rayuwa. Matata ta nemi a ba ta ɗaya ta ɗora duron ruwa a kai, iyalan mamatan suna duba buƙatar. Duk saurayin da ke son ya gaje su, sai ya zo da mahaifiyarsa ta faɗa da bakinta cewa ta yarda.

Masu ta'aziyya kuma su yi haƙuri, kada su zo shago da safe, ba za su same ni ba. Inna ta riga ta raba kwanakin: Litinin asibiti a cire auduga, Talata kasuwa, Laraba gaisuwar wata ƙawarta, kuma ta ce za mu biya mu ɗauki wasu biyu, waɗanda ni na san awonsu. Na ce mata to. Ta ce kuma in riƙa bi a hankali, ita ba sauri take yi ta sauka ba.