Rasuwar Lemun Tsamin Gidan Falalu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Malam Falalu na unguwar Boutalbagar ina sanar da 'yan'uwa rasuwar bishiyar lemun tsamin bayan ɗakinmu, ranar Talata da hantsi, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Matata marigayiya Rakiya ce ta shuka ta, da ƙwayar lemon da ta sayo a kasuwar Dembé makon da muka tare. Ba a taɓa yi mata ban ruwa ba. A gindinta Rakiya take alwala sau biyar kullum, da wannan ta rayu. Na lura reshenta na gabas ya fi 'ya'ya, kuma ina da ra'ayina a kan dalili.

Marigayiya bishiyar mai alheri ce. Ita ke kashe ƙarnin kifin kogin Chari, ita ke tsinka kunun gyaɗa da azumi, ganyenta a shayi ya kori murar yaranmu duka. Ba ta da surutu. Iyakarta ta saki lemo ɗaya a kan kwanon ɗaki, kwal, sai Rakiya ta ce ga 'yarta tana sallama.

Da Rakiya ta kwanta ciwon ajali, ta ce mini, "Malam, ka riƙa alwala a gindinta." Na yi alkawari, na riƙe shekara biyu. Bara ɗana Abbas ya gina mini banɗaki mai famfo da kujera saboda gwiwoyina. Na ji daɗin kujerar. Ruwan ya koma bin kwata zuwa titi. Ganye ya yi rawaya na ce tsufa ne. Sai da kwanon ya yi wata uku shiru na tuna. Kada kowa ya zargi Abbas.

Ta rasu ta bar ni, da 'yarta ɗaya wadda ba ta fara haihuwa ba, da aka shuka a gidan 'yata Hanatu a unguwar Toukra, da ƙadangare mai jan kai, da maƙwabciyarmu Delu, wadda ta shekara talatin tana tsinka ta kan katanga tana zaton ba mu gani.

Za a sare ta ranar Juma'a bayan la'asar. Da itacenta za a gasa kifi, a matse lemo huɗu da suka rage. Mai zuwa ya zo da butarsa, kada ya yi alwala a gidansa. Na haƙa rami kusa da gindinta, akwai ƙwaya a ramin.