Kada Ku Ci Komai

Shekarata goma sha ɗaya ina ɗibar jinin mutane a ɗakin gwaje-gwaje na asibitinmu, kuma ban taɓa ganin wanda Hausa ta kayar kamar Dakta Suwaiba ba. Ita fa Bahaushiya ce gaba da baya, sai dai irin waɗanda boko ya ratsa har sun ɗauka Hausa ba ta buƙatar lura. Shekara uku ta yi tana dafa wani ganyen daji, tana tacewa, tana ɗura wa ɓeraye, har ta mayar da shi ƙwayar magani da take sa ran za ta saukar da sukarin jini. Da aka ba ta izinin gwadawa a jikin mutane, sai ta samo dattawa ashirin daga wani ƙauye na bakin fadama, waɗanda sukarinsu ya ɗan hau amma bai kai ga allura ba. Kowa zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum lokacin kwanciya barci, duk ƙarshen wata kuma su zo da safe a auna jininsu kafin komai ya shiga ciki. Farfesan da ke duba aikin ya ba ta wata huɗu. Ya ce in sukari bai sauka ba, a rufe binciken, ta koma kan ɓerayenta.

Jagoran dattawan shi ne Baba Mati, wani manomin rake mai fara'a da tsinin baki. Duk abin da Dakta ta faɗa, shi yake fassara wa sauran a mota, ko da yake da Hausa ta faɗe shi. Ranar da ta raba musu kwalaben magani ta ce, "Ranar gwaji, kada ku ci komai." Ina jin haka na matsa kusa da ita na ce, "Dakta, wannan maganar ba ta cika ba fa." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Sabi'u, kai dai ka ɗebi jini." Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na koma na ci gaba da aikina.

Ƙarshen wata suka zo, na ɗebi jini, na'ura ta fitar da lissafi. Sukarin kowa ya fi na ranar farko. Dakta ta ce na'urata ce ta lalace. Na sake aunawa a gabanta, abin bai sauya ba. Sai ta kira Baba Mati.

"Baba, ba na ce kada ku ci komai ba?"

"Wallahi, Likita, ko ƙwayar shinkafa ba mu sa a baki ba."

"To me ya shiga cikinku yau?"

"Fura ce kawai muka sha a tasha. Sai ɗan rake da muka sha a mota don rage hanya."

"Wannan ba ci ba ne?"

"Ranki ya daɗe, a garinku cin fura ake yi?"

Na duƙa ƙarƙashin tebur kamar ina neman auduga, don kada ta ga haƙorana.

Wata na biyu ta gyara magana: kada ku ci, kada ku sha. Suka zo, sukari na nan a sama abinsa. Baba Mati ya rantse ba su ci ba, ba su sha ba. Zuma ce wani daga cikinsu ya taho da ita a ɗan gora, suka zagaya da ita suka lasa. Akwai kuma garin kwaki da sukari, amma shi afawa suka yi. Ya yi wannan bayani ne a natse, yana lanƙwasa yatsu, kamar mai ba da fatawa.

Wata na uku Dakta ta shigo da murna, wai ta samo kalmar da ba ta da ƙofar fita. Ta tsaya a gabansu ta ce, "Ranar gwaji azumi za ku yi. Kun gane?" Duk suka ce sun gane sarai, har da yi mata addu'a don ta tuna musu da lada. Da ranar gwajin ta zo, na'urata ta ga hawan sukarin da ba ta taɓa gani ba. Ashe da asuba kowa ya zauna ya nannaɗi ɗumamen tuwo, ya bi da kunu mai sukari, wasu har da dabino.

Dakta ta dafe kai. "Baba, me ya sa kuka yi min haka?"

"Haba, Likita! Wa ya taɓa ɗaukar azumi ba sahur?"

Suka kuma ƙi karɓar burodin da ake ba su bayan gwaji, wai sai an sha ruwa.

Bayan sun tafi na tarar da ita a ofis, idanu sun kaɗa sun yi ja. Wata ɗaya ya rage mata, Farfesa kuma ba ya maimaita magana. A nan haushina ya wuce, tausayi ya kama ni, don yarinyar ta sha wahalar aikin nan ƙwarai. Ta ɗago ta ce, "Malam Sabi'u, me ka so gaya min rannan?" Na ce, "Ɗauko biro." Ina faɗa tana rubutawa: daga sallar isha'i zuwa ƙarfe takwas na safe, kada ku ci, kada ku sha, kada ku lasa, kada ku afa, kada ku tauna, kada ku tsotsa, kada ku kurɓa, kada ku gwaguya, kada ku ɗanɗana, kada ku haɗiye komai in ba yawu ba. Ta buga guda ashirin, ta danna hatimi, aka aika ƙauye. Abin da ba ta rubuta ba shi ne cewa dokar ta daren jajibirin gwaji ce kaɗai. Ni ma da nake jin kaina a Hausa ban lura ba.

Ƙarshen wata na huɗu suka iso. Na ɗebi jini, na sa a na'ura. Mutum na farko, sukari ya sauka. Na biyu, ya sauka. Har aka kai na ashirin, babu wanda nasa bai sauka ba. Dakta ta daka tsalle, ta manta da girmanta, ta ɗauki waya ta kira Farfesa ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce ga shi nan tafe.

Tana ajiye waya sai ga Baba Mati ya shigo da wata jakar leda, ya durƙusa ya zazzage ta a kan tebur. Kwalaben magani ne guda ashirin na wannan watan, ko murfin ɗaya ba a buɗe ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Amanarki ce, Likita. Ki ƙirga, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba."

"Ba ku sha ba?"

"Ta ina? Lokacin kwanciya kika ce a sha. Takarda kuma ta ce daga isha'i ba sha, ba haɗiya, ba tsotsa. Muka duba sama muka duba ƙasa, babu ƙofar da kika bar wa magani."

"Ai ta dare ɗaya ce takardar!"

"Ba ki ce wane dare ba. Mai ɗakina ta liƙa ta a bango, sauran matan gari suka yi koyi da ita. Da an idar da isha'i suke kife kwanuka. Furar dare babu, shayin kwanciya babu, raken hira babu. Wata guda cur muna wannan hali. Ni da nake noman rake, sai dai in gan shi da ido."

Dakta ta nemi kujera ta zauna. Ta dubi takardar sakamako, ta dubi kwalabe. Ta taga kuma muka hango motar Farfesa tana shigowa.

"Shekara uku ina haɗa magani," in ji ta. "Yanzu me zan gaya wa mutumin nan?"

Baba Mati ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ki gaya masa ke babbar malama ce, Likita. Rubutun malamanmu sai an wanke an sha. Naki ko sha ba a yi ba, ya ci."