Injin Yaya da Ƙwayar Inna

Duk gidan da Allah ya nufa da alheri yakan ba shi mai ƙwaƙwalwa guda. Mu Yaya ya ba mu. Mutanen layi suna ce masa mai gyaran rediyo, amma rashin sani ne, kuma mun yafe musu. Abin da ke rubuce a saman ƙofar shagonsa shi ne Injiniya Mai Ƙirƙira, ni kuwa shaida ne, domin da hannuna na rubuta da fenti. Ni ne ƙaninsa. Sana'ata buga wa mutane takardu a shagon kwamfuta, muƙamina kuma Daraktan Yaɗa Labarai na kamfanin Yaya. Mu biyu ne a kamfanin, don haka ban sha wata takara ba.

Shagon cike yake da rediyoyi da fankokin da masu su suka gaji da zuwa karɓa. Yaya ba ya gyara abu, nazarinsa yake yi. In ka kawo masa fanka zai zare motar cikinta ya saka a wata ƙirƙira, in ka yi ƙorafi ya ce ka gode wa Allah da ya sa ka taimaki kimiyya. Shi ya ƙera hular auna zafin jiki, wadda ta tabbatar wa duk wanda ya sa ta cewa yana da zazzaɓi, saboda batirin da ke cikinta zafi yake ɗauka. Shi ya ƙera cokali mai ƙararrawa don tuna wa majinyaci lokacin shan magani. Cokalin nan bai taɓa mantuwa ba, domin tun da aka kunna shi bai yi shiru ba sai da matar Yaya ta tsoma shi a bokitin ruwa. A duka biyun ni na fara tafi.

Ana cikin haka likita ya ce mahaifiyarmu, Inna, tana da hawan jini. Ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya fara mai tsaga a tsakiya, ya ce rabi za ta riƙa sha kullum da safe, kuma kada ta kuskura ta yi fashi. Auta, ƙanwarmu da ke aure a bayan layi, ita ke leƙowa ta ɗora wuƙar kicin a kan tsagar ta danna. Abu yana tafiya lami lafiya har ranar da Yaya ya shigo gaida Inna ya gani da idonsa.

Ya daɗe a tsaye yana girgiza kai. Sannan ya ce, "A gidan da na fito ake yanka magani da wuƙar albasa? Inna, ki yafe mini, sakacina ne. Daga yau wuƙa ta gama taɓa maganinki. Rabi lissafi ne, ba aikin kicin ba."

Ya ɗauki kwalin maganin ya jefa a aljihu. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta harare ta, domin Inna ba ta yarda a gwale mata ɗan fari. Ni kuwa ina gefe ina maimaita "rabi lissafi ne" a raina, ina ganin yadda zai yi kyau a allon talla.

Haka aka haifi Mai Raba Daidai. Reza ce, da motar fankar wani bawan Allah, da maɓallin tsohuwar talabijin, da jar fitila wadda ba ta da wani aiki sai kwarjini. In aka kunna shi duk kantar shagon sai ta ɗauki rawa.

Sai wani ya tsegunta wa Yaya cewa in idon jama'a ya ga ƙirƙira kafin a kai ta ofishin rajista a nemi takardar mallakar fasaha, to ta zama ta kowa. Tun daga ranar ya lulluɓe injin da zanen gado. Ya ce ba za a kai shi gidan Inna ba, domin gidan Inna kowa shiga yake, kuma a cikin masu zuwa gaisuwa ba a rasa ɓarayin basira. Tunda injin ba zai je wurin magani ba, magani ne zai zo wurin injin. Aikina shi ne kullum da safe in biya shago, in juya baya, a kunna, sannan in kai wa Inna abin da ya fito.

Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya gani. Wata rana gari. Wata rana ɓarɓashi. Wata rana ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa bayan tulin rediyoyi, Yaya ya gyara tabarau ya ce, "Injin ya yi aikinsa, ƙwayar ce ba ta da natsuwa." Ranar da babu wutar lantarki kuwa babu magani, domin kimiyya ba ta aiki a duhu. Duk abin da ya samu in ƙulle shi a takarda in kai. Inna takan buɗe ƙullin ta duba, ta lashe garin, ta ce, "Madalla. Allah ya yi wa Babba albarka."

Ni na buga takardar neman rajista, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Na kira rezar "sashen yanke hukunci", na kira jar fitilar "sashen sanarwa". Da na karanta wa Yaya sai da idonsa ya kawo ruwa.

A gida kuwa Inna ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau. In za ta tashi sai ta dafa bango. Ta daina fita tsakar gida shan iska, ta ce hasken ne ke damunta. Wata safiya Auta ta tare ni a ƙofa, ƙullin takarda na hannuna, ta ce, "Kai da Yaya so kuke ku kashe matar nan?"

Na gyara tsayuwa irin ta manyan ma'aikata na ce, "Muna matakin gwaji ne."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta wuce gidanta. Tsoro ya kama ni ranar, tsoro na gaske, domin da na shiga na ga da ƙyar Inna ta iya buɗe ƙullin. Na garzaya shago na faɗa wa Yaya. Ya saurare ni da kyau, ya ce wannan ya nuna ana buƙatar agogon hannu mai auna hawan jini, ya jawo takarda ya fara zane. Na shiga shagon da tsoro, na fito ina tunanin wace kala za ta dace da madaurin agogon.

Daga ƙarshe takardar mallaka ta iso, da hatimi mai ruwan zinariya. Yadda na fahimta, ba su matsa sai sun ga injin yana aiki ba, abin da suka fi tambaya shi ne ko wani ya riga ka. Babu kuwa wanda ya riga Yaya. Aka sa takardar a gilashi aka rataye a inda a da agogon bango yake.

Ranar ƙaddamarwa muka jera bencina a gaban shago, muka ari lasifika, aka raba lemo. Na zaunar da Inna a gaba, a kujerar da na liƙa wa takarda mai cewa Majinyaciya ta Farko. Yaya ya fito da farar rigar likitoci wadda ban san inda ya samo ta ba.

Ya ce, "Jama'a, tun da aka fara yin ƙwaya a duniya, ɗan Adam ke fama da rabi. Manyan ƙasashe sun je wata sun dawo, amma sun bar tsofaffinmu da wuƙar albasa. Yau, a wannan layin, an rufe wannan babi." Ya yaye zanen gadon, ya miƙa hannu ya ce a kawo maganin Inna, domin kwalin da ke shago ya ƙare jiya wajen gwaji.

Auta ta ƙanƙame jakarta. Inna ta ce, "Ba shi." Ta ba shi.

Ya saka ƙwaya, ya danna maɓalli. Kanta ta yi rawa, jar fitila ta kama, reza ta sauka. Ƙwayar nan ta rabu gida biyu cif, ko ɓarɓashi babu. Duk wurin ba wanda ya kai ni mamaki, domin ni kaɗai na san tarihin injin. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi. Daɗi ya kwashi Yaya, ya shiga ɓallo ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana zura wa injin, bai tsaya ba sai da ya raba kwalin kakaf. Sannan ya ɗora rabi biyu a faranti, ya durƙusa a gaban Inna, ya ce ta zaɓi wanda take so.

Auta ta matso. Ta yi ƙasa da murya, sai dai makirfon yana hannun Yaya, kuma a kunne yake. Ta ce, "Yaya, ai yanzu guda take sha. Da na ga jirin ya yi yawa na kai ta asibiti. Likita ya ce jinin ya riga ya hau inda rabi ba zai sauko da shi ba. Wannan kwalin ma a gidana nake ɓoye shi. Ita ta hana a faɗa maka."

Injin na ta gurnani. Na ɗauka yau kam Yaya zai sunkuyar da kai. Ashe har yanzu ban gama sanin manyan mutane ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fuskanci jama'a ya ce, "Kun gani ko? Kowace ƙirƙira tana haifar 'yar'uwarta. Abin da duniya ke jira yanzu shi ne injin haɗa rabi da rabi. Darakta, rubuta."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki rabin farko, ta ɗauki na biyu, ta watsa su baki tare, ta kora da ruwa. Ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Wannan kam an riga ka, Babba."

Jama'a suka fashe da dariya. Na so in taya su, sai na duba takardar da ke hannuna na ga har na raɗa wa sabon injin suna, na ja masa layi a ƙasa.