Hoton Inna Kaltume

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Inna Kaltume, Mati ya shiga gidan da ƙatuwar ambulan a hammata. Ya ba wa hamsin baya, amma tun da gari ya taso daga Bacirawa ya haɗiye gonarsa ta gado, sai ya bi sahun samari zuwa firamare, inda wata ƙungiya take koyar da ɗaukar hoto duk Asabar. Cikin ɗalibai ashirin, hotonsa aka zaɓa za a rataye a baje koli a birni, kuma wanda aka rataye nasa shi ake bar wa kyamarar da aka ba shi aro. Sharaɗin ɗaya ne, sai iyalan wanda ke cikin hoton sun dangwala hannu a takarda. Hoton kuwa na gwaggonsa ne, marigayiyar. Babbar 'yarta ita ce Barira, taubashiyarsa, wadda ya tarar a tsakar gida tana shiƙar gero.

"...Ya kuma ƙarin haƙuri? Ke baiwata, ba ki ga ubangidanki ya shigo ba? Ina tabarma?"

"Da godiya. Tabarma ta manya ce, 'yan firamare a ƙasa suke zama. An tashe ku tara ne, ko koro ka aka yi?"

"Ki iya bakinki. Ni yanzu mai hoto ne."

"Na gani. Na ga wanda ka yi wa Ɗan'auta. Babu kai, daga tumbi sai takalmi. Matarsa ma da tumbin ta gane shi."

"Wannan aikin satin farko ne. Ke da na ɗauke ki, ai kwana biyu kyamarar ta yi tana zazzaɓi."

"Ta ga abin da ya fi ƙarfinta ne. Miƙo min hoton Inna, tun da Allah ya sa ka tuna. Aike nawa na yi maka?"

Mati ya san hoton da take nufi. Ranar da ya fara shigowa da kyamarar, gidan nan kamar Sallah. Inna ta sa aka ciro mata atamfar da ta yi shekara shida a ƙasan adaka, ta sha kwalli, aka aro kujera a maƙwabta, ta zauna ƙiƙam da hannuwa a kan gwiwa, ko numfashi ba ta yi. Haka mutanen ƙauyen suka san hoto, shi ma haka ya sani. Amma da ya kai aji, Malama Raudatu ta duba ta ce waɗannan ba mutane ba ne, turaku ne aka sa wa kaya. Katin kyamarar ya cika, ta ce ya goge su ya je ya ɗauko mutane suna rayuwarsu. Shi kuwa, don kada samari su ƙara yi masa dariya, ya goge a gabanta.

Ya zaro wanda ya kawo. Barira ta goge hannu a zani ta karɓa. Ga Inna zaune a ƙasa da tsohon zanin aiki, ɗankwali ya zame, tana ɓarar gyaɗa, baki buɗe da haƙoranta biyu, tana ƙyaƙyata dariya.

"Wannan mene ne?"

"Gwaggo ce mana."

"Na san uwata, ba sai ka gabatar min da ita ba. Ina na kujera?"

"Wannan ya fi shi. Dubi yadda hasken ya sauka a..."

"Mati. Ina na kujera?"

"An goge."

"An goge, ko ka goge?"

"Na goge."

Ta ajiye faifan a hankali. Ya fi son ta jefe shi da shi.

"Ka goge. Kamar allo. To da ka wanke ka sha, ko Allah ya sa ka yi hankali. Matar nan sau ɗaya tak ta zauna aka yi mata hoto a duniya, tun asuba take cewa a gyara mata ɗauri. Kullum sai ta tambaye ni, yaron nan bai kawo ba? Har ta kwanta ciwo tana tambaya. Ina ce mata yana hanya, ashe jaki na aika."

"Jakin dai ɗan wanta ne. Jininku ɗaya da shi."

"Shi ya sa ba na zuwa asibiti a gwada nawa, kada a gano."

Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya zaro takardar da ɗan akwatin tawada.

"Baiwar kirki, dangwala min nan. A birni za a rataye shi. Manyan mutane za su gani."

"Su ga me? Fason ƙafarta? Matar da ko zaure ba ta leƙawa sai da mayafi, ita za ka kafa a bango da kai a buɗe, gardawa su tsaya da lemo a hannu suna cewa ayya, mutanen ƙauye? Ga yatsan nan, matso da idonka in dangwala."

"Malama ta ce duk ajin babu kamarsa."

"Malamar ta ɗauki tata uwar tana tuƙa tuwo ta rataye mana. Ko ita tata a kujera take?"

"Ke dai ba ki san hoto ba."

"Kai da ka sani, ga inda ka kai mu."

Mati ya tsuguna. Wasan ya ƙare masa.

"Barira, in ba ki sa hannu ba, ran Asabar za su karɓe kyamarar. Gona ta tafi. Da wannan nake sa ran in riƙa zagaya suna da biki. Me zan riƙe?"

"Ni da uwa ta tafi, me ka bar min na riƙe?"

Kaji suka zo suna tsattsagar geron, ba ta kore su ba. Ta ɗaga hoton ta kawo shi kusa da fuska, ta daɗe tana kallo, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Wa take yi wa wannan dariyar?"

"Ba kya son ki sani."

"Faɗi, ɗan firamare."

"Ke. Ranar da ragon Abdulkabir ya biyo ki daga rijiya, kika yar da tulu kika haye turmi kina kiran sunan mijinki."

"Ƙarya kake! Ban kira sunansa ba."

"Sau uku. Har da na babansa."

Dariya ta kufce mata. Ta toshe baki da gefen zani, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta koma wani abu daban, kafaɗunta suna rawa. Mati ya kau da kai yana kallon kajin. Da ta lafa, ta share ido ta rungume hoton a ƙirji.

"To ka ji da bakinka. Wannan dariyar tawa ce, ni aka yi wa. 'Yan birni su nemi tasu."

Ya dubi takardar. Wurin dangwalen fari fat. Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu, ya yi wata 'yar busasshiyar dariya.

"Kin ci, muguwa. Riƙe shi, na ba ki. Amma kada ki rataye shi kusa da murhu, hayaƙi yana cin hoto."

"Kai za ka koya min riƙon uwata?" in ji Barira, ta ɗaga labule ta shige ɗaki da shi.

Mati ya kore mata kajin, ya rufe geron da faifai, sannan ya fita neman tsumma mai tsabta. Kyamarar mutane ce, gara ya mayar musu da ita babu ƙura.