Rasuwar Gogo, Motar Ƙarshen Layi

Saura ƙiris wannan sanarwa ta ƙare a cikin murhu. Lungile Mlotshwa ta fara ta, ta yaga, ta sake farawa, domin karatunta bai wuce firamare ba, masu karanta mujallar ƙungiya kuwa akwai lauya a cikinsu, akwai tsohuwar shugabar makaranta. Daga baya ta duba ta ga idan ba ita ta rubuta ba, babu wanda zai rubuta. Saboda haka a karanta, a kau da kai daga kurakurai.

Da baƙin cikin da ya cika zuciya har ya rasa wurin zama, iyalan marigayi Baba Mlotshwa na unguwar Mpopoma, wato Lungile, tunda ita kaɗai ta rage a gidan, suna sanar da 'yan Ƙungiyar Tafiyar Hawainiya ta Bulawayo, masu riƙon tsofaffin motoci, da sauran abokan arziki, rasuwar motarsu Gogo. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce da rana tsaka, a hanyar ƙasa da ta ratsa duwatsun Matobo. Ta haura shekara sittin a duniya. Babu kowa a kanta sai Lungile.

An haifi marigayiya a ƙasar waje, ta iso nan tun Baba Mlotshwa yana yawo ba wando. Sai da ya girma ya zama mai gyaran jirgin ƙasa sannan ya tsince ta a bayan rumbun wani manomi, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ya jawo ta gida, ya yi shekaru yana haɗa ta da hannunsa, ya yi mata fenti kore shar. Matarsa ce ta raɗa mata Gogo, wato kaka, don ta ce tsohuwar ba ta tashi sai da lallashi, kuma ko an lallashe ta sai ta yi mita.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa gaggawa ba. Ba ta taɓa wuce wani abin hawa ba in ban da amalanken jaki, shi ma sai ta nemi izini da ham ɗinta, "ɓaaap," a hankali, kamar mai jin nauyi. Da safiyar sanyi takan fara da "kirrr, kirrr," ta yi shiru tana tunani, ta yi tari "ƙoho, ƙoho," sannan ta kama "tututututu," har kwanukan kicin su amsa. Ƙofar direba tana cewa "ƙiiii" a shiga, tana cewa "ƙiiii" a fita, ba ta taɓa fashin wannan gaisuwa ba. Tana ɗigar da baƙin mai duk inda ta tsaya, Baba ya ce sa hannu take yi don a san ta zo.

Ba ta da rediyo, ba ta kuma neman a yi mata hira. Wannan hali ne ya haɗa jininta da Lungile. Lungile guga take yi a ɗakin wanki na wani otal, inda ƙarar injuna take ɗauke wa mutum nauyin magana. Yayyenta sun tafi Johannesburg neman abinci, mahaifiyarta ta riga Baba tafiya. Takan yi mako ba ta ce wa kowa abin da ya wuce ina kwana ba. Amma ranar Lahadi tana da wurin zuwa.

A ƙungiyar, Gogo ce motar ƙarshe. Kowace Lahadi ana haɗuwa a filin bayan coci, a buɗe bonet, a leƙa injin juna, a kushe na wanda ya juya baya, sannan a jera a fita daji. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kowa ya riƙe na bayansa a madubi. Idan ka daina ganinsa, ka tsaya. Na gabanka zai daina ganinka, shi ma ya tsaya, a haka har layin duka ya tsaya. Motar ƙarshe ita ke ɗauke da igiyar ja, da jarkar ruwa, da babbar butar shayi ta ƙungiya. Baba Mlotshwa ya riƙe wannan matsayi har ya koma ga Ubangiji. Da ya rasu, Lungile ta zo ranar Lahadi ta ajiye Gogo a ƙarshen layi, babu wanda ya ce mata ta matsa. Wurin ya dace da ita. Mutum yana cikin jama'a, amma ba dole ya yi magana ba. Idan an sauka a gindin dutse, ita ce mai hura wuta ta ɗora buta, ta zauna a kan matakin Gogo da kofinta, tana jin dariyarsu daga nesa kaɗan. "Yarinyar Gogo" suke ce mata, ita ma tana amsawa.

Ba a san adadin motocin da marigayiya ta ja zuwa gida ba. Ta ja masu ƙyalli, ta ja masu kofunan gasa, ta ja motar lauya sau da yawa har aka daina tsokanarsa. Ita kuwa tun da ta shiga layi ba a taɓa jan ta ba, sai ranar nan.

Ciwon ajali ya fara ne tun damina. Wani ɗan bugu ya shigo cikin muryarta, "tututu-kwal, tututu-kwal." Malume Phineas, wato Kawu Phineas, bakanike kuma aminin Baba, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya daɗe. Da ya miƙe sai ya ce, "MaMlotshwa, 'yar aminina, zuciyar tsohuwar nan ta gaji. Tsatsa kuma ta cinye mata ƙashin baya. Ki bar ta ta huta a gida." Lungile ta ce to. Amma a ƙungiyar akwai wata doka, cewa sai mai tsohuwar mota da ke tafiya da ƙafarta ne ɗan ƙungiya. Idan Gogo ta kwanta, Lahadi ta zama kamar sauran ranaku. Saboda haka suka ci gaba da fita, su biyu, a hankali fiye da da.

Ranar Lahadin, motar Baba Hadebe ce a gabansu, baƙa mai sheƙi, wadda yake goge ta da tsohuwar rigar aurensa. Abin da Lungile ba ta lura da shi ba, ƙofarsa babu madubi. A gasar bara alƙalai sun rage masa maki don sun ce madubin ba na shekarar motar ba ne. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya kwance shi ya jefa a akwati, yana jiran na asali daga wani ɗan uwansa a ƙetare. Gilashin baya kuma kwandon abincin matarsa ya toshe shi.

A hawan da ke bayan madatsar ruwa marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Ta ce "kwal, kwal, kwal," ta ce "ƙaƙas," wani ƙarfe ya fasa gefen injin ya leƙo waje. Ta gangara baya kaɗan, ta tsaya da kanta a gefen hanya, yadda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Lungile ta danna ham. Ya ce "ɓa," bai ƙarasa ba.

Ta fito ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallon ƙurar Baba Hadebe. Ta san doka. Yanzu zai duba madubi, yanzu jar fitilarsa za ta kama. Ƙurar ta haye tudu, ta kwanta.

Waya ba ta kamawa a tsakanin duwatsun nan. Lungile ta ɗaure igiyar ja a gaban Gogo, ta shimfiɗa ta a ƙasa, don idan sun zo kada a ɓata musu lokaci. Ta zauna a mataki. Baƙin mai yana tsiyaya cikin yashi, injin yana "tik, tik" yana hucewa, har ya daina. Wani gwaggon biri ya sauko kan dutse ya zauna yana kallonsu, ya gaji ya tafi. Inuwar motar ta bar ƙarƙashinta ta miƙe zuwa gabas. Da ƙishi ya dame ta sai ta hura 'yar wuta, ta ɗora babbar butar da aka yi domin jama'a, ta dafa kofi ɗaya.

Sai da rana ta yi sanyi sannan aka ga motoci biyu suna dawowa. Mama Pretorius, shugabar ƙungiya, ta fito tana riƙe da hularta.

"Wayyo 'yata! Kin ga abin kunya? Mun gasa nama, mun ci, mun ɗauki hotuna, sai da aka yanka kek na ce ina buta? Aka ce ai tana wurin yarinyar nan, wa ma sunanta. Sai kowa ya juya yana neman ki." Ta yi dariya, sai kuma ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta rufe shi da hannu. Ta juya kan Baba Hadebe. "Kai kuma, tsohon banza, ina idonka?"

"Mama, madubin nan ba na shekararta ba ne. Ke ma kina wurin da alƙalai suka..."

"Alƙalan su zo su ja ta mana! Kai da makaho, sanda kawai ya fi ka."

Baba Hadebe ya cire hularsa ya tsaya a gaban Gogo. Ya ga igiya a ɗaure tana jira, ya ga kofi ɗaya a kan mataki. Ya sunkuya ya ɗauki bakin igiyar. Shi ya ja ta har Mpopoma, Lungile tana riƙe da sitiyari, babu ƙarar komai sai ta tayoyi. Washegari Malume Phineas ya zo ya leƙa, ya rufe bonet da hannu biyu.

Iyalan ba su riƙe kowa a zuci ba. Shekara da shekaru Gogo ce ke duba kowa, har aka manta cewa ita ma ana duba ta.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu da ɗaya na ko-ta-kwana wanda bai taɓa aiki ba. Ta bar jak, da igiya, da jarka, da tabon mai a filin coci wanda ruwan sama ya kasa wankewa. Ta bar hular Baba Mlotshwa a aljihun ƙofa. Ta bar karen maƙwabta da ke kwana a ƙarƙashinta, wanda har yanzu ba a san yadda za a gaya masa ba. Ta kuma bar Lungile, wadda bisa doka ba 'yar ƙungiya ba ce daga ranar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a bayan gida, gindin bishiyar gwaiba. Malume Phineas ne zai jagoranta. Ba za a kai ta wurin masu awon ƙarfe ba. Duk wanda motarsa ke bukatar fitila, ko mariƙin ƙofa, ko wata ƙusa da aka daina ƙerawa, ya zo da sifanarsa ya kwance, Gogo ba ta taɓa hana kowa ba. Kujerar gaba za ta zauna a baranda. Gangar jikin kuwa za a bar wa kajin maƙwabta, ta koma inda ta fito. Ba a bukatar furanni. Kowa ya zo da kofinsa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taho a jere, a hankali, kowa yana duba na bayansa.

A nan sanarwar ta ƙare ranar Asabar, kwana shida da rasuwa. Abin da ke ƙasa an ƙara shi ne kafin a miƙa takardar.

Washegari Lahadi, Lungile ta farka a lokacin da ta saba, ta sa rigar da ta saba, sannan ta tuna. Ta daɗe zaune a bakin gado. Butar ƙungiya tana nan a kicin, kuma ba tata ba ce, dole a mayar. Ta fita bayan gida, ta buɗe ƙofar Gogo, ƙofar ta ce "ƙiiii." Ta kwance madubin gefe, ta naɗe shi a tsumma, ta hau motar haya da buta da igiyar ja a cinya.

A filin coci an riga an jera. Ta ajiye butar da igiyar kusa da Mama Pretorius, ta wuce wurin baƙar mota, ta miƙa wa Baba Hadebe ƙunshin da hannu biyu, idonta a ƙasa. Ya warware. Ya juya madubin, ya duba bayansa inda tsatsa ta fara ci.

"Wannan ma ai ba na shekararta ba ne," in ji shi.

"E, Baba."

Ya laluba aljihu ya fito da sukundireba. Ramukan ba su dace ba, sai ƙusa ɗaya ta shiga, ya ƙarasa ɗaure shi da waya a jikin fentin da yake gogewa da rigar aure. Mama Pretorius ta ɗaga murya daga can, "Hadebe, yau kai ne ƙarshe, ka ɗanɗana! Ɗauki igiya da buta."

"Na ji, Mama, ai ba kurma ba ne ni, makaho ne kawai." Ya buɗe ƙofar baya. "Madubin nan yana da mai shi, ni kuma ba na yawo da kayan mutane su suna gida. Shiga, yarinyar..." Ya tsaya, ya kalli gefen da Gogo ta saba tsayawa. "Yaya sunanki, 'yata?"

"Lungile, Baba."

"Lungile. To shiga, Lungile."

Ta shiga, ta sauke kwandon abinci daga gilashin baya ta ɗora a cinyarta. Motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, tasu ta bi a ƙarshe. Ta juya ta duba ta gilashin. Babu kowa a baya, sai filin coci da tabon mai yana ƙanƙancewa. Duk da haka ba ta juyo ba har suka fita gari.