Ranar da Na Tsayar da Jirgin Kano a Rigachikun

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sai in fara, in kai layi na uku, zuciyata ta ce, "Yanzu ke da hannunki za ki tona wa kanki asiri a takarda?" Sai in yage in jefa a murhu. To amma matan unguwarmu ta Abakpa, nan Kaduna, sun ƙi barin labarin nan ya mutu, kuma kowace da irin gishirin da take ƙara masa (wata ma cewa take da hannu ɗaya na riƙe jirgin), don haka gara ku ji daga bakina. Ba zan taɓa mantawa da tashar Rigachikun ba, ko da kuwa na so.

Ni mace ce mai wasiwasi, haka Allah ya yi ni. Ina iya kaiwa bakin titi in dawo in duba ko na kashe wuta, alhali ranar ko girki ban ɗora ba. Maigidana, Malam, akawu ne a ofishin gwamnati, kuma shi ko rufin ɗaki ne ke faɗowa sai ya gama shan shayinsa. 'Ya'yanmu uku a lokacin: jaririn da nake goyo, sai Bilki 'yar shekara tara, sai ɗan farina Nasiru mai goma sha ɗaya. (Kun gani ko? Yanzu har rubuta sunan nake yi. Abin da ya lalace ya riga ya lalace.)

Kun dai san kunyar ɗan fari a wajenmu. Tun ranar suna ban taɓa kiran yaron nan da sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Surukata Inna, mahaifiyar Malam, wadda muke zaune gida ɗaya, ita ta yaye shi, a ɗakinta yake kwana, ni kuwa Yaya yake ce mini. A gaban Inna ko kallonsa ba na yi sosai. Ana yabona da wannan a unguwa, ni ma kuma ina jin kaina.

Shekarar da aka fara kashe naira aka sa bikin ƙanwar Malam a Kano, aka ce duk gidan za mu tafi a jirgin ƙasa. Yara suka hau tsalle. Ni kuwa tun daga ranar na fara lissafin hanyoyin da za su iya ɓacewa.

Na ce, "Malam, a jirgin nan kowa zai zauna inda na ajiye shi har Kano."

Ya ce, "Yara ne fa, ba buhunan gero ba. Yaron da kullum yake tsallaka titi shi kaɗai zuwa makaranta?"

"Titi ba ya tafiya."

"To ina za su ɓace a jirgi? Gaba inji ne, baya bango."

"Akwai ƙofa. Akwai taga. Akwai ramin nan tsakanin tarago da tarago. Bayan gidan jirgi ma an ce ana hango ƙasa ta cikinsa."

Ya dube ni ya ce, "Ta nan za su zurare?"

Na ce, "Bilki siririya ce."

Haka muka yi ta yi, da safe gardama, da yamma gardama, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Inna dai tana kan tabarmarta tana gurza goro. Daga ƙarshe aka tsaya a kan doka uku: za su iya zuwa taragon da ke kusa da namu, za su dawo su nuna fuska da zarar an bar kowace tasha, kuma ko duniya za ta tashi ba wanda zai sa ƙafa a ƙasa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na shiga kasuwa na nemi yadin da ya fi kowanne kashe ido, wani ruwan ɗorawa mai ƙyalli da ko makaho sai ya ji zafinsa, don in riƙa hango su daga nesa. Mai yadin ya rantse mini cewa ba wanda ya taɓa saya sai ni. (Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.) Na ɗinka musu riguna da kaina. Nasiru ya ce shi ba zai sa ba, za a yi masa dariya. Na ce wa Bilki ta gaya masa in bai sa ba a gida za a bar shi.

Ranar tafiya da hantsi muka shiga jirgi. Ni da na yi firamare har aji bakwai, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wata sarƙa a saman taga, da rubutu a ƙarƙashinta cewa ta tsayar da jirgi ce idan an shiga haɗari, kuma duk wanda ya ja ta ba dalili zai gane kurensa. Na karanta har ƙarshe, na sake karantawa, na zauna daidai ƙarƙashinta.

Jirgi ya tashi, aikina ya fara. Tunda Inna na gabana, duk umarni ta hannun Bilki yake bi.

"Bilki, ki ce wa wancan ya shigo da kansa daga taga."

Sai ta juya ta ce, "Wai ka shigo da kanka." Shi kuwa gwiwarsa na gugar tawa.

"Bilki, ki ce masa hannun ma."

"Wai hannun ma."

Wani dattijo mai farar babbar riga da ke zaune gefenmu ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "Ɗan riƙo ne?" Inna ta ce, "Ɗan fari ne." Ya gyaɗa kai da girmamawa, ni kuma na ƙara gyara zama.

Ba mu gama fita daga Kaduna ba suka fara yi wa babansu magiya. Malam ya ce, "Ku je, ku tuna da doka." Ya rufe fuska da hula ya kama barci, kamar ba shi ya haife su ba. Na bi rigunan da ido har ƙofar tarago ta haɗiye su.

Muka tsaya a Rigachikun. Tashar farko ke nan, ku lura, ko ruwan butarmu ba mu taɓa ba. Masu talla suka yi caa a tagogi, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mai gyaɗa. Can jirgi ya yi kuka ya fara ja. Sai ga Bilki ta dawo ita kaɗai.

"Ina wancan?"

"Ban sani ba, ya tafi ya bar ni."

Na zura kaina ta tagar nan da na hana kowa leƙawa. Can baya, a gefen dogo, sai ga rigar ruwan ɗorawa tana gudu tana bin jirgi, hannu ɗaya a sama.

Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Nasiru! Nasiru! Wayyo ɗana!"

Na dangwara wa Malam jariri a ciki, na taka benci, na kama sarƙar nan na rataye da duk nauyina. Ƙarfe ya yi ƙara, jirgi ya yi wata irin girgiza. Kaya suka zubo daga sama. Kwandon kajin wata mata ya buɗe. Langar miyar da na ɗauro da hannuna ta kife a kan farar babbar rigar dattijon nan. Ban tsaya ba. Na ture mai duba tikiti a bakin ƙofa na dira ƙasa, ba takalmi, ba mayafi, ɗankwalina ma ya tsaya a jikin ƙofa.

Na kwasa a guje kan tsakuwa ina kiran sunan nan da na yi shekaru ina ɓoyewa, yanzu har mutanen gona suna ji. Yaron da ya hango mace ba ɗankwali ta nufo shi tana ihu, sai ya juya ya arce. Wannan ya ƙara tabbatar mini shi ne, ya san ya yi laifi. Na cim masa ta baya na rungume, wani faranti ya tashi sama, gyaɗa ta watse. Ina kuka ina ɗirka masa duka a gadon baya.

"Ban ce kada ka sauka ba? Kashe ni kake so ka yi?"

Sai ya ƙwalla ƙara: "Wayyo jama'a! Za ta sace ni!"

Muryar ba tasa ba ce. Na juyo da shi. Wani yaro ne mai wushirya da ban taɓa gani ba a duniya, ɗan tallan gyaɗa, ashe ƙullin gyaɗa yake bin jirgi ya miƙa wa wanda ya saya. Rigarsa kuwa yadina sak.

Ina riƙe da shi, baki buɗe, sai na jiyo murya daga can wajen taragonmu:

"Yaya! Me kike yi a ƙasa? Ba ke kika ce kada kowa ya sauka ba?"

Na ɗaga kai. Ga Nasiru a tagar taragon da aka yarje masa, daidai inda doka ta ce, rake a bakinsa. Kuma ba shi kaɗai ba. Tun daga inji har ƙarshe, kowace taga kawuna ne.

Ban san jirgi na da tsawo ba sai da na dawo da ƙafa. Tsakuwar da ban ji ba da ina gudu, yanzu kowace ɗaya sai ta gaishe ni. Wani ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, wanne ne naki? Ko duka biyun za ki haɗa?" Wata ta ce, "Ku ba ta hanya, mai jirgi ce!" A bakin ƙofa na tarar da Malam, jariri a kafaɗa yana tsala kuka, ma'aikatan jirgi sun kewaye shi, shi kuwa sai "Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe, iyalina ce" yake ta maimaitawa. Yadda suka ƙare ban sani ba, har yau ya ƙi gaya mini. Dattijon nan yana tsaye yana yarfe kuɓewa daga hannun riga. Ya dube ni ya ce, "Ɗan fari ko?"

Na zauna ina fatan benci ya tsage in shige. Inna ta miƙo mini ɗankwalina, ta gyara goron bakinta, ta ce:

"Ashe dai kin san sunansa."

Dariyar da aka yi, har matar da ke bin kajinta ƙarƙashin benci sai da ta zauna ta riƙe ciki. Ban sake ɗaga kai ba sai wajen Zariya. A nan Inna ta matso ta ce a hankali, "Share fuskarki. Ni da na zaci ni kaɗai ke son sa." Shi kuma gogan ya zo ya zauna kusa da ni, ya ajiye mini gaɓar rake a cinya. Na shanye, a gaban Inna.

Da za mu dawo na sakar musu jirgin, suka zaga shi ciki da bai, ba wanda ya yi ko tuntuɓe. A tafiyar nan gaba ɗaya mutum ɗaya ne ya haɗa leƙa taga, da taka benci, da sauka a tasha, kuma shi ya kafa dokar. Abin da na koya ke nan: kafin ki ɗaure yara, ki fara duba wa ya fi bukatar igiyar. Har yau in za mu yi tafiya sai Malam ya tara su ya ce, "Ku kula da uwarku, kada ta sauka."

Abu guda ne ya tsaya mini a rai, shi ne ma ya sa na yi rubutun nan. Jirgi ya tashi ban nemi gafarar yaron nan ba. Na dake shi ba laifin tsaye ba na zaune, na watsar masa da gyaɗa, wataƙila ma an sake dukansa a gida. Don Allah duk wanda ya san wani mai wushirya a Rigachikun, yanzu ya isa saurayi, da ya taɓa tallan gyaɗa a tasha cikin rigar ruwan ɗorawa, ya aiko mini da labarinsa ta hannun masu buga wannan takarda. Ku gaya masa zan zo da ɗankwalina a kaina, kuma a mota.