Ranar da Na Shayar da Dangin Miji Gawayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin Usman suka zo ganina ba. Ko na so in manta ma ba hali, don har yau akwai mai tuna mini.

Lokacin ban daɗe da gama karatu a Wad Madani ba, na samu ɗan aiki a wani ɗakin gwajin ruwa, sai kaina ya kumbura har ƙofar gidanmu ta yi masa kaɗan. Ƙauyenmu yana kusa da Managil, tsakiyar gonakin auduga, kuma ruwan tur'a muke sha, wato magudanar da ke shayar da gonakin. Idan jirgin feshi ya wuce, sai ka ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama, ruwan ya kwana biyu yana warin magani. Mutanenmu su zuba a randa, ya kwanta ya yi sanyi, su ce ai shi ke nan. Ni kuwa na san laka ce ke kwanciya, maganin ƙwari yana nan daram. Duk zuwan da zan yi hutu sai na yi wa Inna wa'azi, har ta kai idan ta ga na doshi randa sai ta ce, "To, likita ta iso, a ɓoye moɗa."

Abin da ke kama irin wannan dafin wani gawayi ne na musamman, ba na murhu ba. Ana gasa shi har ya yi ƙofofin da ido ba ya gani, a farfasa shi kamar tsaki, ruwa na ratsawa shi kuma yana riƙe maganin. Na lallaɓa na samo rabin buhu, na tanadi bokiti mai famfo a ƙasa, da yashi da tsakuwa.

To, Usman mai neman aurena maraya ne. Gwaggonsa Hauwa ta garin Suki ita ta raine shi, kuma ta riga ta faɗa a gaban jama'a cewa 'yar jami'a ba ta riƙe gida. Shi da bakinsa ya ce mini in Gwaggo ta ce a'a, bai san yadda zai yi ba. Ina son yaron nan, ba zan ɓoye muku ba. Sai na ce a raina, bari in nuna wa tsohuwar nan amfanin karatu tun daga ruwan maraba. (Wata sai ta ce bari ta gyara miya. Ni ga inda basirata ta kai ni.)

Sabon gawayi yana zuwa da ƙura, dole a wanke shi sosai kafin a sha ruwansa. Na san haka, har a jarrabawa na amsa shi daidai. Amma baƙin da aka ce sai bayan azahar, da hantsi muka ji sallamarsu, ni kuwa yanzu na gama jera kayan bokiti na zuba ruwan farko. Inna ta leƙo ta ce, "Maza kai ma baƙi ruwa!" Na ja tob ɗina, wato mayafi, na rufe fuska, na tara kwanon sha a bakin famfo, idona yana ƙofar ɗaki. Da na ji ya yi nauyi sai na kifa murfi.

Na shiga na durƙusa, kai a ƙasa, kamar yadda ɗiyar kirki ke yi gaban surukai. Ban ga komai ba sai saƙar tabarma. Na ji an buɗe murfi. Sai shiru. Na ce a raina, lallai hasken ruwan ne ya ɗaure musu kai. Kunyar da ta hana ni ɗaga ido kuwa ba ta hana bakina motsi ba.

"Gwaggo," na ce cikin sanyin murya, "wanga ba irin ruwan da kunka saba sha ba ne. Na musamman ne. Da hannuna na haɗa shi domin ku."

Can na ji Gwaggo ta ja bismillah mai tsawo, ta sha, ta miƙa wa ƙannenta biyu da suka rako ta, su ma suka sha. Kara ke nan: baƙo ba ya mayar da ruwan maraba, ko me ya gani a ciki.

Inna ce ta shigo da tiren jabana, wato kofi, ta saki salati har kofuna suka yi ƙara. Sai a lokacin na ɗaga kai. Dattijai uku cikin fararen tob, kowace da baƙin zobe kewaye da baki, Gwaggo har da ɗigon da ya gangaro mata ƙirji. Na leƙa kwano. Tawada ce sak.

Gwaggo ta dubi Inna, ba fushi ba dariya, ta ce, "Hajiya, in rubutu kunka yi muna, ai da kun hwaɗi. Yaron ga ya riga ya mutu a kanta, ba sai an haɗa da mu ba."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Ga uwata da ba ta taɓa taka zauren boka ba tana rantse-rantse, ga aurena yana narkewa ina kallo. Ban san lokacin da na fizgi kwanon na shanye sauran ba, don su ga ba cuta. Sannan na shiga bayani a kan tsabtar ruwa, da haƙorana baƙi ƙirin. Ƙaramar cikinsu ta kasa daurewa, ta cusa fuska cikin tob tana jijjiga.

"Kalas, ya isa," in ji Gwaggo. "Tashi ki gwada mani abin."

Muka zaga inda bokitin yake. Na buɗe famfo, ina ɗura ruwa ta sama yana fita ta ƙasa, baƙi, baƙi, sannan toka-toka. Duk addu'ar da na iya na karanta ta. Da ya washe, sai Gwaggo ta ɗebi na randa a moɗa ta shinshina, ta zubar, ta tari na bokiti ta shinshina.

"Warin can na san shi," ta ce. "Shekara da shekaru ina wanke shi a rigar marigayi maigidana in ya komo daga auduga. Wanga ba shi da shi." Ta sha, ta kuskure baki, ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ɗiyar da ta damu da abin da mutane ka sha, ana iya ba ta gida. Sai dai a koya mata ɗaga kai."

An yi biki bayan girbin auduga. Farkon abin da na kai Suki, kafin gado kafin katifa, bokitin Gwaggo ne, kuma na wanke gawayinsa har hannuna ya yi laushi. Ni nake zuwa in canza mata shi in ya gaji, muna zaman lafiya kamar ita ta haife ni. Amma har gobe, duk ranar da na kai mata ruwa sai ta buɗe murfi a hankali, ta leƙa, ta ce, "Yau Malam bai rubuta ba?" Jikokinta su fashe da dariya, har da waɗanda na haifa.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma kafin ki sunkuyar da kai gaban surukai, 'yar'uwa, fara leƙa cikin kwanon.